Kwana uku a Ikko da saƙon Baba

Adashe ne ya kai mu Legas. Mu huɗu ne, tun muna sakandare muke tare, kuma shekara uku ke nan muna zubi duk ƙarshen wata. Ni ne mai riƙe kuɗin, saboda ina koyar da lissafi, wai a ganinsu malamin lissafi ba ya kuskuren ƙirga. Zan kira kowa da sunan da muke kiransa a majalisa: akwai Dogo, akwai Ustaz, akwai Ango, wanda saura masa wata biyu a lokacin. A ƙa'ida kowa kwasar tasa yake yi idan layi ya zo kansa, wani ya sayi babur, wani ya biya haya. Da zagaye ya ƙare sai Dogo ya kawo shawarar a ware kwasa ɗaya ta zama ta kowa da kowa, mu je mu ga duniya kafin Ango ya shiga daga ciki, don in ya shiga ko Wudil ba zai je ba sai da izini. Ustaz ya ce Abuja. Dogo ya ce Abuja ai ofis ce, wa ke zuwa ofis yawon buɗe ido? Ango ya ce shi dai duk inda ake sayar da leshi da sauƙi, don akwatunan lefensa da sauran wuri. Haka Legas ta ci zaɓe.

Da na je yi wa Baba sallama, ina cewa Legas sai ya gyara mini: "Ikko dai." Shi bai taɓa kiranta da wani suna ba. Yana saurayi ya yi yaron wani Alhaji mai fataucin goro a kasuwar Ujile, kuma shi ake turawa Kurmi ya tsaya a kan zaɓe da ɗauri. A jirgin ƙasa yake zuwa, mil 700 daga Kano, kwana biyu in jirgin ya yi halin kirki, ya sauka Agege ya yi wata guda ko fi. Rabonsa da garin ya haura shekara arba'in. Yanzu idonsa ya yi rauni, amma in ya fara labarin Ikko sai ka rantse jiya ya baro ta. Saƙo uku ya ba ni. In je in ga motar da aka kashe Murtala a ciki, don shi bai taɓa ganinta ba. In gaida masa Babici, wato bakin tekun Bar Beach. Sannan in ɗebo masa ruwan teku a gora. Na ce, "Baba, me za ku yi da shi?" Ya ce, "Kai dai ɗebo."

Lissafina ya nuna kuɗin zai ishe mu tafiya a jirgin sama, dawowa kuwa sai a mota. Ranar Alhamis da la'asar muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Ango bai taɓa hawa ba, ya riƙe hannun kujera har jijiyoyinsa suka fito, sa'ad da ya fara sakin jiki tuni an ce a ɗaura ɗamara za a sauka. Awa ɗaya da rabi, tafiyar da Baba ke kwana biyu a kanta. Muna fitowa daga jirgin iska ta rungume mu, mai ɗumi, mai nauyi, kamar an buɗe murfin tukunyar dambu. Zafin Kano ƙona mutum yake yi, na Legas dafa shi yake. Ni da na sa shadda mai sitati don kada a raina ni, kafin mu samu mota ta manne mini a baya.

A Agege muka sauka, gidan kawun Dogo. A nan aka haifi Kawu, a nan aka haifi 'ya'yansa, mahaifinsa ne ya zo tun zamanin da goro ke tashe. Yana waya da Yarbanci kamar zai tsaga wayar, ya juyo ya ce mana, "Samari, kun sha hanya," da Hausa garau. Unguwar kuwa in ka rufe ido ka ce Fagge kake: kiran salla ta ko'ina, mai shayi da tulin gwangwanayen madara, almajirai, mai yankan farce yana kaɗa almakashi. Sai ka buɗe ido ka ga motocin haya ruwan ɗorawa da rufin kwano mai tsatsa, ka tuna inda kake. Da daddare aka kawo mana burodin Agege da ake ta faɗa, mai laushi da danƙo, ka ja shi yana miƙewa, da wani dafaffen wake da aka dame aka zuba masa baƙin yaji soyayye a manja. Ustaz ya yi loma ɗaya ya nemi ruwa. Kawu ya ba mu doka uku kafin mu kwanta: waya a aljihun gaba, kada mu tsaya tsakiyar hanya muna kallon bene, kuma duk wanda ya tare mu ya ce ya san mu, bai san mu ba.

Juma'a da sassafe muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari daga tashar Agege, layin da suke kira ja, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Kati ake saya a zuba masa kuɗi, a ɗora a ƙofa ta buɗe. Abin da ya ba ni mamaki layi ne. Mutanen da na gani jiya suna ture juna a bakin titi, ga su nan sun jeru ɗaya bayan ɗaya ba mai cewa uffan. Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, sai Oyingbo, muna zaune muna hangen motoci a tsaye cik a kan titi. Dogo ya ce, "Wannan ai ko a Turai." Bai taɓa zuwa Turai ba.

Daga Oyingbo muka faɗa hannun danfo, ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa da baƙin layi biyu. Kujerun katako ne da ƙarfe, kwandasta na rataye a ƙofa da ƙafa ɗaya, yana kiran sunayen unguwanni da saurin da ba ka tsintar ko ɗaya. Kawu ya koya mana in za mu sauka mu ce "owa". A nan aka ɗaura wa Ango auren fari. Ya miƙa kuɗi, canjinsa ya maƙale, wata dattijuwa mai ƙaton ɗaurin kallabi ita ma nata ya maƙale. Muna isa Idumota kwandasta ya zaro takardar ɗari biyar guda ɗaya, ya damƙa wa matar, ya nuna Ango, ya faɗi wata magana, mota ta ja. Ashe haka suke yi in babu canji, su haɗa fasinja biyu da takarda ɗaya, ku je ku raba, kuma su da kansu aure suke kiran abin. Ga Ango tsaye a bakin gadar Carter da matar da ba ya jin yarenta, ita ba ta jin nasa, ta riƙe kuɗin gam, ta kuma riƙe hannun rigarsa kada a ce ta gudu da haƙƙinsa. Ta ja shi har wurin mai sayar da ruwan leda, ta sayi ɗaya, aka fasa kuɗin, ta ƙirga masa nasa a tafin hannu, ta ce, "Aboki, o dabo." Mu kuwa muna gefe dariya ta hana mu taimako. Har yau in amaryarsa ta ɓata masa rai a majalisa mukan ce ya koma wurin uwargida.

Kasuwar Balogun ba ta da ƙofa, ba ta da katanga. Tituna ne da lunguna da benaye duk suka zama kasuwa, ba ka sanin ka shiga sai ka ga ba ka iya fita. Wanda ya saba da Kantin Kwari ba zai tsorata da cinkoso ba, amma a nan mata ne ke riƙe da ciniki, manyan mata zaune kan kujera da jakar kuɗi a ƙugu, kuma ba sa wasa. Kowa "Alhaji" yake a bakinsu har sai ya taya, in tayin bai yi musu ba ya koma "aboki". Kalmar nan ta ɗan tsaya mini a rai. A gida babu kalma mai daɗinta, a can kuwa ya danganta da bakin da ta fito: dattijuwar danfo ta faɗe ta da mutunci, wani matashi da na taka wa ƙafa ya faɗe ta kamar zagi. Ango ya sayi leshi kala uku da ashoke na ɗaurin amarya. Atamfa kam na hana shi, don wallahi Kwari ta fi sauƙi, ba wanda zai ɗauko ta daga Legas ya kai Kano sai mai son wahala.

Mun yi Juma'a a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988. Tun kafin azahar sahu ya fito har kan titi, 'yan kasuwa sun ja rumfuna baya, an shimfiɗa tabarmi da kwalaye. Wa'azin da Yarbanci aka yi, ba mu tsinci komai ba sai ayoyi da salati. Ustaz, wanda tun a jirgi yake tambayar ko za mu samu wurin salla a tsibirin Legas, ya fito yana ta jinjina kai. Kusa da nan, a titin Martins, akwai masallacin Shitta-Bey, ƙarami, mai gini irin na mutanen da suka dawo daga Barazil, an buɗe shi tun 1894. Na ce wa Ustaz ya lissafa: shekara tara ke nan kafin Turawa su ci Kano. Ya ce ai ni ne malamin lissafi.

Daga nan muka yi sauri zuwa Onikan kafin a rufe gidan tarihi na ƙasa. An kafa shi a 1957, kuma akwai kayan kallo: kawunan Nok na yumɓu, tagullar Benin, kayan Ife, dodanni iri-iri. Kada in yi ƙarya, wucewa muka yi ta gabansu kamar masu neman ɗan da ya ɓata. Motar na wani ɗaki dabam, a tsakiya, hotunan shugabannin ƙasar nan sun kewaye ta a bango tun daga Turawan mulki. Aka ce mu mayar da waya aljihu.

Baƙar Marsandi ce, kuma abin da ya fara zuwa mini shi ne ƙanƙantarta. Ina tsammanin wata ƙatuwar mota zan gani. Wannan kuwa in ka ajiye ta a gidan biki a Nasarawa yau, ba mai waiwayarta. Ga ramukan harsashi a jikinta, gefen kowane rami ƙarfen ya lotsa ciki, fenti ya ɓare. Na sunkuya na leƙa kujerar baya. Ƙarfen ƙofar ba wani kauri gare shi ba, mota ce kamar ta kowa. A cikinta shugaban ƙasa ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, zai tafi ofis a barikin Dodan, babu jiniya, babu jerin gwanon motoci, cunkoso ya tsayar da shi a Ikoyi kamar yadda yake tsayar da kowa, sojojin Dimka, masu yunƙurin juyin mulki, suka buɗe masa wuta. Shekararsa 37. Kwana 200 ya yi a kan mulki, kuma kwana goma kafin ranar ne ya sanar da jihohi 19 da mayar da babban birni Abuja, ƙaurar da ba a yi ba sai a Disamban 1991. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, shi ma a nan ya rasu.

Mu 'yan Kano da sunan nan muka tashi. A asibitin Murtala aka haife ni. Ina bin titin Murtala kusan kullum, na sha yin salla a masallacin Murtala inda kabarinsa yake, jiya ma a filin jirgin Murtala muka sauka. Sunan ya zama kamar sunan unguwa, ba ka tuna mutum ne. Sai da na tsaya gaban ƙofar motar nan na ga dai mutum ne aka harba, wanda ma bai kai shekaruna na yanzu ba. Dogo ya laluba aljihu ya zaro naira ashirin, ya ɗaga ta yana duban hoton, yana duban motar. Ya ce a hankali, "Yanzu ko ruwan leda ba ta saye." Ba wanda ya yi dariya. Ustaz ya ɗaga hannu muka yi masa addu'a, ma'aikacin da ke rakiyarmu, wanda ban san addininsa ba, ya sunkuyar da kai har muka shafa.

Muna fita na kira Baba. Na ce na gani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ramukan suna nan?" Na ce suna nan. Sai ya ba ni labarin da na sha ji, amma ban taɓa jin sa ina tsaye a garin ba. Ranar yana Agege, sun baza goro a kan tabarma suna ware marsa da minu, wato manya da ƙanana, ga ganyen fita a jiƙe za a ɗaura huhu, sai rediyon wani mai shayi ta yanke shiri ta kama kiɗan soja. Wani soja ya yi jawabi, har ya sa dokar hana fita daga 6 na safe zuwa 6 na yamma, ya juya ta, mutane suka ce wannan ko a buge yake. Kowa ya tattara kayansa. Ya ce a ranar goron da ya bushe a Agege Allah kaɗai ya san yawansa, don ba wanda ya koma ta kansa, kuma da labari ya tabbata ya ga Yarbawa da Hausawa zaune a bakin layin dogo suna kuka tare. Katina ya kusa ƙarewa, ban katse shi ba.

Dandalin Tafawa Ɓalewa na nan kusa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila a 1960. Mun tsaya a ƙofa mun yi hoto ƙarƙashin fararen dawakan nan huɗu da jajayen gaggafa, muka wuce, yunwa ta ci ƙarfin tarihi.

A Obalende muka ci abincin dare, wurin wani mai tsire. Su can komai suya ne, tsire suya, balangu suya, kalmarmu ce ta je Kurmi ta yi suna. Mutumin daga wajen Tawa yake, ta Nijar, da ya ji Hausarmu ya ƙara mana albasa da yaji ya jawo mana benci. Shekararsa goma sha ɗaya a Legas. Yana fara hura wuta da la'asar, ya tashi ƙarfe biyun dare, ya kwana a shago da 'yan'uwansa shida, da damina ya je gida ya yi noma ya dawo. Ya tambaye mu kayan me muka kawo. Muka ce ba mu kawo komai ba. To aiki muke nema? Muka ce a'a, kallo muka zo. Ya dakata da yanka, wuƙa a hannu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kallon me?" Ango ya ce gobe ma teku za mu je gani. Na tambaye shi yadda tekun take, tunda daga inda yake tsaye ba ta fi tafiyar 'yan mintuna a mota ba. Ya ce bai taɓa zuwa ba. "Me ake sayarwa a can?" Ya ci gaba da yankansa. Na ji wata 'yar kunya, irin wadda kake ji in ka shiga gidan da ake aiki kai kana sanye da kayan Salla. Tun safe muke cin karo da mutanenmu, mai gadi, mai gyaran takalmi da akwatinsa yana ƙwanƙwasawa, mai tura kurar ruwa, mai canji, mai ɗaukar kaya a Idumota, kuma na tabbata a cikinsu mu kaɗai ne muka biya kuɗin jirgi don mu zo mu kalla.

Asabar Kawu ya samo mana wani maƙwabcinsa mai mota, muka yi jinga ta wuni. Ta babbar gadar nan ta uku muka bi, mai tsawon kilomita 11.8, wadda Babangida ya buɗe a 1990. Kana tafiya a kan ruwa har ka manta a kan ruwa kake, sai ka waiga ka ga masunta a kwalekwale. Daga gefe ga Makoko, gari guda na katako a tsaye kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi ya lulluɓe shi, yara ƙanana suna tuƙa jirgi kamar yadda namu ke tuƙa keke. Ta gaba kuma dogayen benayen tsibiri na ƙyalli. Direban ya ce mu gode wa Allah Asabar ce, ranar aiki a kan gadar nan mutum na iya karya kumallo ya kuma ci abincin rana.

Na ce ya kai mu Bar Beach. Ya yi dariya ya ce shekaruna nawa rabona da Legas. Ya bi da mu ta titin Ahmadu Bello a tsibirin Victoria, ya rage gudu ya nuna da hannu: shinge, ƙofa da masu gadi, bayan su fili fetal da 'yan dogayen benaye a tsaitsaye. An yaso yashi daga cikin teku an cike wurin, an yi katangar duwatsu an tura ruwan baya, ana gina sabon gari mai suna Eko Atlantic. Nan ne Babicin Baba, inda ya ce ranar Lahadi kowa da kowa ke zuwa kyauta, masu fararen riguna na addu'a a bakin ruwa, inda kuma a shekarun 1970 ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a harbe su jama'a na kallo. Ko ƙarar ruwan ba mu ji ba. Na ɗauki hoton shingen, na rasa me zan yi da shi, na goge.

Gandun dajin Lekki ya wanke mana rai. An kafa shi a 1990, daji ne na gaske da fadama a tsakiyar gidajen masu kuɗi, ana bi ta kan gadar katako ƙarƙashin itatuwa, birai na bin ka suna duban hannunka. Ɗaya ya fizge wa Ango ledar soyayyar ayaba ya hau reshe yana ci yana kallonsa. Abin da ke kai mutane wurin shi ne gadar sama, ta igiya da raga da ƙarfe, mita 401, wadda a wani wurin ta haura mita 20 daga ƙasa, kuma in ka hau ba komawa baya. Dogo tun a Kano yake cika baki, har yana cewa shi zai riƙe Ustaz. Hawa na farko lafiya. A na biyu gadar ta fara lilo, wasu 'yan mata a gabanmu suna tsalle da gangan, sai na ji bayana an fara karatu. Duk addu'ar da Dogo ya sani ya karanta, har da ta shiga kasuwa. Ya ce, "Malam, don girman Allah ka ce su daina." Ustaz kuwa ya naɗe wandonsa yana tafe kamar a tsakar ɗakinsa, yana nuna mana kan itatuwa. Daga can ƙololuwa na hango wani farin layi a ƙarshen gari, sama ta haɗe da wani abu mai launin toka. Na daɗe ina kallo kafin na gane ita ce.

Sai da muka biya kuɗin shiga kafin muka ga teku, kuma wannan ya ɓata mini rai fiye da kuɗin kansa. Ruwan Allah, a sa masa ƙofa da mai karɓar kuɗi, bayan shi ga na ajiye mota, ga wasu samari da suka ce kujera ma sai an biya. Direbanmu ya yi ta faɗa da su da Yarbanci har aka rage. Muka ratsa rumfuna da kiɗa mai tsaga kunne, muka hau wani tudun yashi.

Ƙarar ce ta fara isowa, kamar tirela goma na sauke dutse ba ƙaƙƙautawa. Babban ruwan da na taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, kuma Tiga kwance take, tana da gaɓa ta can. Wannan ba ta da can. Tana tasowa ta yi tsayin mutum, ta naɗe, ta faɗi, ta shimfiɗo farin kumfa har ƙafarka, ta ja da baya. Mu huɗu, manya da gemu, muka tsaya a jere riƙe da takalma ba mai magana. Ustaz da ba ya rasa abin faɗa a kan komai ya yi tsit. Wani yaro mai jan doki ya zo ya ce, "Alhaji, za a hau?" Da Hausar Sakkwato.

Na naɗe wando na shiga da gorar roba. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne in ruwan zai koma yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka yake janyewa, ka ji ƙasa na guduwa da kai. Na sunkuya ina jiran gorar ta cika, ban ga ta biyun ba. Ta buge ni a ƙirji, na zauna daɓas, ruwa ya shiga hanci da baki, gishiri kamar an narka buhu guda. Hulata ta tafi, zanna bukar sabuwa da na saya don tafiyar, na ga ta yi sama sau ɗaya shi ke nan. Dogo da ya gama rawar jiki ɗazu shi ya fi kowa dariya, ya ce an rama masa. Gorar dai ban sake ta ba. Ta cika, rabi ruwa rabi yashi.

Komawa Agege ta ci mana awa uku da wani abu. A cikin cunkoson aka tallata mana duk abin da ɗan Adam ke buƙata ta taga, tun daga lemo har madubi da matashin kai. Na zauna a jiƙe, gishiri na bushewa a jikina yana ƙaiƙayi.

Lahadi da safe Kawu ya raka ni wurin 'yan goro. Ya ce harkar ba kamar da ba, yawancin kaya yanzu daga wajen Shagamu da Ondo ake lodinsu kai tsaye zuwa kasuwar Mariri ta Kano, amma da sauran dattawa a rumfunansu. Na sayi ƙwarya ɗaya, fari da ja, aka naɗe mini a ganye. Na faɗi sunan Alhajin da Baba ya yi wa aiki, wani tsoho ya ce kamar ya taɓa ji, amma na ga alama kara ce kawai ya yi mini. Da azahar muka shiga doguwar bas. Ibadan, Ilori, gadar Jebba cikin dare, Mokwa, daga nan ban ƙara sanin inda muke ba sai Zariya. Ango ya kwana rungume da leshinsa. Da na yi lissafin ƙarshe, abin da ya rage a asusu bai kai kuɗin adaidaita huɗu ba, sai da Ustaz ya cika.

Da yamma na je wurin Baba. Yana zaure kan buzunsa, rediyo a gefe. Na durƙusa na gaishe shi na ajiye goron da gorar. Goron ya fara ɗauka, ya kwance ganyen, ya shinshina, ya murza ɗaya a yatsu, ya tambayi nawa na saya. Na faɗa. Ya ce sun ga baƙo.

Sannan ya ce, "Ka gaida Babici?"

Tun a mota nake shirya yadda zan gaya masa. Na ce, "Baba, an cike wurin. Gidaje ake ginawa a kai."

"A kan ruwan?"

"An tura ruwan baya."

Ya jima bai ce komai ba. Ya laluba ya ɗauki gorar, ya girgiza ta kusa da kunnensa, yashin ya tashi ya kwanta. Ya buɗe, ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu, ya taɓa da harshe, ya yamutsa fuska ya tofar gefe.

"Ita ce," ya ce. Ya shafa sauran a bayan wuyansa, ya rufe gorar da kyau, ya tura ta bayan buzu inda yake ajiye carbi da tocila. "Ina hularka?"